Ƙofar da Baiwa Ta Tsare

Duk wanda ya taɓa kai dubiya ɗakin maza na can ƙuryar wani asibiti a Birnin Kebbi, inda ake kwantar da masu ciwon daji da waɗanda magani ya karya wa garkuwar jiki, ya san Baiwa, kuma da wuya ka ji ya faɗi alherinta. 'Yar gajeruwar mace ce baƙa, ba ta wuce shekara arba'in ba. Kullum tana zaune a kan benci a bakin ƙofa, ga bokitin ruwa mai famfo, ga sabulu, ga kwalin takunkumi a cinyarta. A takarda aikinta shara ne da goge-goge. Ƙofar nan ita ta ɗaukar wa kanta, ba wanda ya ba ta, kuma har yau ba a sami mai ƙwace ta ba. Ta mayar da hakimi, ta mayar da matar wani babban ma'aikaci da kulolinta na farfesu don kawai ta ji ta ja hanci sau ɗaya. Masu kabu-kabu da ke tsayawa a bakin asibitin sukan gaya wa fasinja tun bai sauka ba: in ɗakin can za ka, to haɗiye tarinka tun daga nan.

Abin da ba su sani ba shi ne, a Argungu inda aka haife ta, da kunya aka san Baiwa. 'Yar masunta ce, a gindin murhun banda ta tashi, tana juya tarwaɗa hayaƙi na cika mata ido. Uwarta takan ce in baƙo ya yi sallama sai a nemi Baiwa a rasa, ta shige bayan rumbu. Ta auri Mujtaba, manomin albasa a fadama, mutum mai dariya da ƙarfi, wanda ya yi shekara guda yana sayen kifin da ba ya bukata kafin ta yarda ta ɗago kai ta dube shi. Shekara goma sha huɗu suka yi, 'ya'ya uku, ba ta taɓa kiran sunansa ba ko a bayan idonsa.

Mujtaba maraya ne tun yana goye. Ƙanen ubansa, Alhaji Tamba, shi ya riƙe shi, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. Saboda haka a wurin Baiwa, Alhaji Tamba suruki ne na sosai. In ta hango shi a hanya sai ta sauka gefe ta durƙusa har ya wuce. Ba ta cin abinci inda zai gan ta, ba ta haɗa ido da shi, maganarta da shi ba ta wuce gaisuwa.

Shi kuwa Alhaji Tamba babban dillalin albasa ne, mai loda manyan motoci zuwa kudu. Ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Mutum ne mai son jama'a kamar ransa. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, dubiya, ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya cika mota. A ganinsa darajar mutum tana ga yawan takalman da aka tuɓe a ƙofarsa. Ga shi da baiwar tofi da ya gada daga ubansa. Mata kan kawo masa yara masu zazzaɓi, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa musu, ba ya karɓar ko goro.

Ciwon Mujtaba ya fara ne bayan ciran albasa, da kasala da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, sai dasashinsa ya riƙa zubar da jini. Daga asibitin Argungu aka tura su Birnin Kebbi, can aka ce ciwon daji ne na jini. Aka kwantar da shi a gado na uku cikin gadaje shida, aka fara ƙara masa wani magani ta jijiya, wanda ya kakkaɓe masa gashin kai har da gira. Baiwa ce mai jinya, tabarmarta na shimfiɗe a gefen gadon.

Babbar nas ta ɗakin, Sista Munira, mace mai ƙiba da saurin magana, ta zaunar da ita tun ranar farko.

"Saurara, Baiwa. Maganin ga shina kashe ciwon, amma shina kashe sojojin jiki tare da shi. Murar da ke za ki yi kwana ukku ki tashi, shi tana iya kai shi kushewa. 'Yan dubiya biyu-biyu za su shiga, su wanke hannu, su sa takunkumi. Mai tari ko atishawa, ko uwarki ta, kar ki bari ta matso."

Baiwa ta ce to. A lokacin ba mai tsaron ƙofa, kowane mai jinya shi ke kula da nasa. Kuma abin ya yi kyau. Cikin wata biyu Mujtaba ya fara zama da kansa, ya fara tsokanar makwabcin gadonsa, wani malamin firamare daga Kalgo. Likita ya ce saura zagaye biyu na magani a sallame shi, har ya fara lissafin ko zai riski dashen albasa.

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar damina, da hantsi. Baiwa na wanke kwanuka a bakin ƙofar ɗakin, Sista Munira ta tafi karɓo magani, sai ga mota ta sauke mutum goma sha takwas daga Argungu, Alhaji Tamba a gaba cikin babbar riga. Tun daga nesa ta jiwo tarin nasa. Da ya matso ta ga idanunsa jajur, hancinsa na zuba, yana sharewa da hankici. Ta goge hannu, ta ɗauko takunkumi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, sannan ta miƙa masa da hannu biyu, kanta a sunkuye.

"Baba, sun ce a riƙa sa wanga," in ji ta, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Ya karɓa ya juya shi, ya yi dariya, mutanensa suka taya shi.

"Takunkumi ai na raƙumi na, ɗiyata. Korona ma ta zaka ta wuce ban sa ba. In na rufe baki da tsumma, ta ina addu'a za ta hita?"

Ya ajiye mata shi a kan kwanukan. Maganar Sista Munira tana nan a kunnenta, kalma-kalma. Ta san ya kamata ta tashi ta tare ƙofar, ta ce Baba kana mura, ba ka shiga. Amma yaya za a yi matar ɗa ta tare suruki a gaban mutum goma sha bakwai na garinsu? Sai ta ja jiki gefe, yadda ta saba ja masa a hanya.

Ya shiga, jama'a suka bi shi har ɗakin ya cika. Ya rungume Mujtaba, ya riƙe masa kai da hannu biyu, ya yi karatu mai tsawo, ya tofa masa a fuska sau uku, a ƙirji sau uku. Da ya gama, da yake shi ba marowaci ba ne, sai ya ce ai sauran ma 'yan'uwa Musulmi ne. Ya bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana musafaha yana tofi, tari na katse masa aya. Marasa lafiya suna shafawa suna godiya, wani tsohon tela har da hawaye. Aka dama fura, ludayi ɗaya ya zagaya. Da Sista Munira ta dawo ta fatattake su, an riga an yi ihu bayan hari.

Kwana uku tsakani zazzaɓi ya fara. Cikin mutum shida, biyar suka kamu. Aka ɗebi majinarsu aka auna, aka ce ƙwayar mura ce, irin wadda ke yawo a gari, sai dai su ta sauka musu a huhu. Nan da nan aka rufe ɗakin, aka fitar da masu jinya gaba ɗaya, daga likita sai nas ke shiga. Baiwa ta koma gindin wani dogon yaro da ke fuskantar ƙofar, taku ashirin daga gadon mijinta, tana jiyo ƙarar tukunyar iska. Malamin firamare ya fara tafiya, sai tela. A rana ta tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tana zaune da kunun da ta dama masa, Mujtaba ya cika. Nas ɗin da ke ciki tana kan wani gadon a lokacin. Ba wanda ya riƙe masa hannu, ba wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada, ba ma wanda ya san ainihin mintin da ran ya fita.

Shi kuwa Alhaji Tamba, kwana huɗu ya yi ya warke sarai. A zaman makoki shi ne a kan tabarma, yana karɓar gaisuwa, yana kuka na gaskiya, don yana son yaron nan. Baiwa na cikin gida a lulluɓe, katanga ce kawai tsakaninsu, ta ji shi yana gaya wa baƙi:

"Alhamdu lillahi, na samu na yi mishi tofi kamin ya cika. Wanga shi ka sanyaya man rai."

Ba ta yi kuka ba, har mata suka riƙa yaba haƙurinta. Ita kuwa a zuciyarta alwashi take sha: Allah ya nuna mata ranar da tsohon nan zai kwanta yana neman mutum ɗaya a kansa ya rasa, ya mutu yadda Mujtaba ya mutu.

Da ta fita takaba ta gwada faɗin abin da ke ranta a gaban dangin miji. Ba ta kai ƙarshen magana ba suka rufe ta da istigfari. Kwana ne ya ƙare, kar ta yi saɓo, kuma wa ya taɓa jin addu'a ta kashe mutum? Ba alƙalin da zai saurari ƙarar tofi, ba ta da ƙarfin dukan kowa. Sai ta kwashe 'ya'yanta ta koma Ambursa wurin yayarta, ta je ta sami Sista Munira, ta roƙi ko aikin shara ne a ɗakin nan. Aka ɗauke ta. Kullum da safe kabu-kabu ke kawo ta, da yamma ya mayar da ita.

A makon farko ta jawo benci ta ajiye a bakin ƙofa. Matar da ke ɓuya a bayan rumbu ta shafa wa idonta toka, ba sani ba sabo. Kada wani ya ce tausayin marasa lafiya ne ya zaunar da ita. Akwai tausayin, amma shi ne ɗan kaɗan. Duk wani dattijo mai babbar riga da ta mayar, fuskar Alhaji Tamba take gani, kuma tana jin daɗin ganin bayansa yana tafiya yana ƙunƙuni. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta ja masa Allah ya isa, da sunansa da na ubansa, kada a yi kuskure a kai wa wani Tamba.

Shekara uku tana wannan, shi kuwa sai ƙara ƙiba yake, har ya sake zuwa Makka. Wani lokaci takan yi ƙwafa ta ce ko addu'ar tata ma takunkumi aka sa mata.

A damina ta huɗu, wata Talata, aka turo wani tsoho a kan keken marasa lafiya, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Sai da ya zo dab da benci ta gane shi. Ciwon daji ne a hanji, an yi masa aiki, yanzu za a fara masa irin maganin nan mai kashe sojojin jiki. Babban ɗansa Rabi'u, magidanci mai furfura a gemu, wanda suka tashi ɗaki ɗaya da Mujtaba, shi ke tura shi. Aka ba shi gado na huɗu, kusa da taga. Baiwa ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe shi ba. Ta nuna wa Rabi'u sabulu da yatsa. Da ta koma Ambursa ranar ta ci tuwon shinkafa malmala uku, har yayarta ta tambaye ta ko albishir aka yi mata.

Washegari mota ta farko ta iso daga Argungu. Ƙa'ida ta ce biyu-biyu, masu lafiya, da takunkumi. Baiwa ta san ƙa'idar sarai, ta kuma san yadda ake matse ta har ta zama ba kowa. Wannan idonsa ya yi ja. Wancan ta ji muryarsa ta dushe. Na bayansa a kujera ɗaya suka zauna da mai jan idon, saboda haka shi ma ba ya shiga. Limamin unguwarsu, wanda ya ɗaura mata aure, ya matso ya gyara murya zai yi magana.

"Malam, na ji ka. Maƙogwaronka ba shi da lahiya."

"Haba ɗiyata, sallama za ni yi."

"Yi ta daga nan, shina jin ka."

Suka kai ƙara wurin Sista Munira. Da a wani lokaci ne, da wataƙila ta ce a sassauta. Amma mura ta fara yawo a gari, an ma kwantar da mutum biyu a ɗakin mata, saboda haka ta ce abin da mai ƙofa ta ce shi ke nan. Baiwa ta sami gindin zama. Mota ta zo, mota ta koma, da kulolin abinci da goran fura, ba a buɗe ko ɗaya ba.

Abin da ya fi mata daɗi shi ne tagar. Daga gado na huɗu ana ganin gindin dogon yaro tsaf. Alhaji Tamba yana kwance yana kallon mutanensa, 'yan kasuwar albasa, abokan tafiyarsa Makka, matansa da jikokinsa, suna tsugunne a inuwa kamar masu jiran mota, sannan ya ga sun karkaɗe riga sun tafi. Suna kiransa a waya, amma mutumin da ya saba da hannu cikin hannu, me waya za ta yi masa? Ƙofar ɗakin fayau, takalman Rabi'u ne kaɗai a wurin.

Rabi'u ya same ta a kan benci wata rana.

"Matar yaya, ki dubi Allah. Ko mutum guda ki bari ya shiga. Tsohon ga ba shi cin abinci, taga kawai shika kallo."

"Ni anka bari na shiga ran da yayanka ya cika?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

A mako na huɗu maganin ya kai inda yake kai mutum. Jinin tsohon ya yi ƙasa, bakinsa ya yi gyambo, ko kofi ba ya iya ɗagawa. A safiyar da likita ya ce kwanakin nan su ne masu haɗari, Rabi'u yana barbaɗa yaji a kan ƙosai a bakin ƙofa, sai ya yi atishawa. Sau ɗaya. Baiwa ta ga yajin da idonta, ta san daga inda atishawar ta fito. Ta miƙe tsaye ta ce ya tattara tabarmarsa, kwana bakwai kar ta gan shi. Ya yi rantsuwa, ya nuna mata ƙullin yajin, ta yi kunnen uwar shegu. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka ta gaya wa kanta tana kallonsa yana fita da buta a hannu.

Yanzu fa Alhaji Tamba ya zama ba kowa a kansa. Da yake ba mai jinya, Baiwa ce ke kai masa kunu, ita ke ɗauke masa tasa, da safar hannu da takunkumi, ba sannu ba yaya jiki. Tana yi tana duban numfashinsa, tana auna saura nawa. Murna ce a ranta, ba ta kuma ji kunyar murnar ba.

A rana ta uku bayan la'asar, tana goge ƙarƙashin gadonsa, ta ji ya yi magana da ƙyar.

"Ɗiyata."

"Ni ba ɗiyarka ba ta."

Ya huta, sannan ya sake tattaro murya.

"Na ji jikina. In abin ya zaka, ki tsaya ga kaina. Ki hwaɗa man kalma, kar in tahi haka nan."

Ta jingine sandar goge-goge a bango. Ta ɗago ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara goma sha bakwai.

"Wa ya hwaɗa ma Mujtaba?"

Shi ne karo na farko da sunan nan ya fito daga bakinta, kuma a gaban surukinta ya fito. Tsohon ya ƙura mata ido.

"Ga gadon ga na kusa da kai ya cika, shi kaɗai. Ukku ka kashe da bakinka, Alhaji. Shi, da malamin Kalgo, da tsohon tela. Na ba ka takunkumi ka ce na raƙumi na."

"Addu'a niy yi musu," in ji shi.

"Mura ka ba su. Likita ya auna, ya rubuta. Kai ka warke, ka zauna bisa tabarma kana hamdala."

Ya juya fuska wajen bango. Kafaɗunsa suka riƙa motsi a ƙarƙashin bargo. Ta ɗauki sandarta ta ƙarasa goge wurin, har da lungun da ba a gani, sannan ta fita ta zauna a kan bencinta tana jira.

A kwanakin nan mura ta yi ɓarna a asibitin. Ta shiga ɗakin mata ta ɗauki biyu, ta shiga babban ɗakin maza ta kwantar da rabinsa, har nas-nas uku suka kamu. A Ambursa ma gida-gida tari ake, 'yar Baiwa ta tsakiya tana kwance. Wata safiya a bayan kabu-kabu wani tunani ya zo mata, cewa ɗankwalin da yarinyar ke share hanci da shi ya isa ya gama komai cikin mako guda. Ta juya tunanin har suka wuce filin jirgi. Amma akwai wasu mutum biyar a ɗakin da ba su yi mata komai ba, kuma ita so take Allah ya ɗauke shi da kansa, ita tata kawai ta tabbatar ba kowa a wurin. Da ta isa ta canja kaya, ta wanke hannu har gwiwar hannu sau biyu. Ta ma daina kwana ɗaki ɗaya da 'yar tata. Ko ƙuda ba ta yarda ya bi ta ƙofar nan ba.

Kwana bakwai suka cika, tsohon bai mutu ba. Rabi'u ya dawo. Jinin ya fara hawa, gyambon baki ya bushe, aka ji Alhaji Tamba ya nemi tuwo da miyar kuka. Baiwa tana jin haka ta fita bayan ɗakin ta tsaya ita kaɗai, haushi kamar ta ciji yatsa.

Ranar da za a sallame shi, likita ya zo zagaye, Baiwa na shara a tsakanin gadaje. Ya duba takardu, ya dafa kafaɗar tsohon.

"Alhaji, ka tsallake. Amma in gaya maka gaskiya, ba maganinmu kaɗai ba ne. Da murar nan ta shigo ɗakin nan a makon da jininka ya yi ƙasa, da ba mu kai yau ba. Duk asibitin nan, nan ne kawai ba ta shiga ba. Ka gode wa mai ƙofa."

Rabi'u ya ce ai kuwa liman da mutum huɗu cikin waɗanda aka mayar, kwana biyu da komawarsu mura ta kayar da su, liman har yanzu bai fita masallaci ba.

Tsintsiya ta tsaya a hannun Baiwa. Kwana arba'in da shida tana gina masa kabari da hannunta, ashe katanga take gina masa. Duk wanda ta kora don ta ƙona masa rai, mutuwa ta kora daga kansa. Ta ji kamar ta kurma ihu a tsakiyar ɗakin, amma ta tattara sharar ta fita.

Mota uku suka zo ɗaukarsa, gindin dogon yaro ya cika maƙil. Ya fito a hankali, Rabi'u na riƙe da shi, takunkumi a fuskarsa har kan hanci. Da ya zo daidai benci ya tsaya. Baiwa ta miƙe, ba don ladabi ba. Ta shirya. In godiya zai yi, ta tanadi abin da za ta watsa masa a gaban jama'arsa. In zagi ne, ta fi shi tanadi. In ya nemi gafara, ta riga ta san ba za ta yafe ba.

Ya daɗe yana dubanta. Idanun da ke saman takunkumin sun cika da ruwa, ba alamar gori ko ba'a a cikinsu.

"Ina kallonki ta taga, Baiwa. Kin maida liman, kin maida matana, kin maida Rabi'u. Ba ki ji nauyin kowa ba. Ashe kin iya."

Ya numfasa, ya ƙara riƙe hannun ɗansa.

"To ran nan mi ya hana ki maida ni? Ni ban sani ba, ke kin sani. Da kin tare ni, da na yi hushi da ke shekara guda, da ɗana Mujtaba shina nan da rai."

Ba amsa yake jira ba. Ya juya, jama'arsa suka taso suka kewaye shi, ya riƙa ɗaga musu hannu daga nesa yana ƙin musafaha.

Shekara uku Baiwa tana shirya amsar duk abin da zai iya fitowa daga bakin tsohon nan, ban da wannan. Ita ce tambayar da take gudu tun ranar Lahadin nan, ta ɗora wa Alhaji Tamba kayan duka don kada ta ji nauyin rabonta, ga shi ya sauke mata shi a gabanta ya tafi gida da ransa. Tana nan tsaye, hannunta a kan ƙyauren, har motocin uku suka fice daga asibitin suka ɗauki hanyar Argungu.